Daga Nima Zuwa Tamale: Yadda Ake Neman Makaɗan Biki A Zangunanmu



Duk wanda ya zauna a zango ya san cewa da zarar watan Rajab ya kama, har zuwa ƙarshen Sha'aban, da wuya a sami ranar Lahadin da ba a kafa rumfa a kan hanya ba. Kowane mai 'ya yana so ya kai ta ɗakinta kafin azumi, kowane ango yana so ya sha ruwa da girkin amarya. Bayan salla kuma a sake ɗorawa daga inda aka tsaya. A irin wannan lokaci ne makaɗa da maroƙa da masu hayar kujeru suke yin wuyar samu, kuma a nan ne saɓani yakan shiga tsakanin dangi. Sadaki da lefe suna da ƙa'idarsu, dattawa sun san yadda ake yanke su, amma maganar wanda zai yi wasa ranar biki ba ta da alƙali. Wannan ne ya sa muka ɗauki jaka muka zaga zangunan Ankara da Kumasi da Tamale, muka zauna da masu sana'ar da kuma iyayen biki, domin mu kawo muku yadda abin yake tafiya a kowane gari.

Mun fara da Nima da Mamobi. Abin da baƙo zai fara lura da shi a nan shi ne rashin fili. Tun shekarun 1930 da aka soma zama a Nima ake ta ɗora gida a jikin gida, ɗaki a jikin ɗaki, har wani lungun ya zama mutum biyu ba sa iya jerawa a cikinsa. Tsakar gidan da mata goma suke girki a cikinta ba za ta ɗauki taron biki ba, saboda haka biki kan titi yake fita. Ke nan kafin a yi maganar makaɗi sai an yi maganar inda zai tsaya. Mai biki zai sanar da mai unguwa, ya sanar da ɗan majalisar unguwa, in hanyar mota ce za a tare ya nemi izinin 'yan sanda, sa'an nan ya bi maƙwabta gida-gida da goro. Wanda ya tsallake wannan yana iya wayar gari ya tarar an riga an kafa rumfar sadakar arba'in ta wani mamaci a daidai wurin da ya yi niyya, kuma babu mai hankalin da zai buga ganga a kusa da masu addu'a. Kuɗin da ya riga ya ba makaɗi kuwa sun tafi.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ta keɓanta da Ankara, wadda dangin da suke zuwa daga Kumasi ko daga Nijeriya sukan manta da ita. Kowace shekara, kafin bikin Homowo, majalisar sarakunan Ankarawa takan hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata guda, galibi daga cikin watan Mayu zuwa cikin Yuni, bayan sun yi shukarsu ta al'ada. A wannan wata ba ganga, ba lasifika a waje, masallatai da coci-coci ma akan nemi su tsare sautinsu a cikin gini. Waɗanda suka manyanta suna tune da rigimar da aka yi a ƙarshen shekarun 1990 tsakanin matasan Ankarawa da wasu coci-coci a kan wannan doka, har aka ƙwace kayan kiɗa, aka ji wa mutane rauni. Mu dai filin da Malam Bako ya kafa Sabon Zango a kansa daga hannun sarakunan Ankarawa aka same shi, kuma baƙon kirki ba ya ja da mai masaukinsa a kan abin da bai wuce wata ɗaya ba. Tun da watanninmu na Musulunci suna ja da baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, dokar tana iya faɗowa a tsakiyar lokacin aure. A 2024, alal misali, ta faɗo ne tsakanin ƙaramar salla da babbar salla. Wanda zai sa ranar biki a Ankara, to, sai ya duba kalanda biyu.

Yawancin bukukuwan da muka leƙa a Nima da Sabon Zango da Fadama da Madina, masu akwatunan kiɗa ne suke riƙe da fili, watau waɗanda ake kira sipina ko dije. Yaran yanzu suna tsammanin haka aka taso, alhali kuwa abin yana da mafari. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1981 an kafa dokar hana yawon dare wadda ta kai har 1984. Wasan dare ya mutu, ƙungiyoyin makaɗan zamani suka watse, wasu suka nufi Legas, wasu Jamus. Ko da aka ɗage dokar, mutane sun riga sun gane cewa mutum ɗaya mai faifai da lasifika ya fi arha a kan makaɗa goma masu neman abinci da kuɗin mota. Sannu a hankali abin ya fito daga gidajen rawa ya shiga bukukuwa, har ya iso namu, da kaset-kaset ɗin Shata da Ɗan Maraya da waƙoƙin Indiya. Yau kaset ya wuce, kome yana cikin kwamfuta, amma sana'ar ita ce dai.

Ɗaukar sipina ciniki ne kawai, kamar hayar mota, kuma haka ya kamata a yi masa. A tambaye shi ko yana da janareta nasa, da kuma wanda zai sayi mai, domin wahalar wutar da muka sha daga 2012 zuwa 2016, wadda aka laƙaba wa suna dumso, ta koya wa kowa cewa ba a dogara da wutar gwamnati ranar biki. A tambaye shi ko shi da kansa zai zo, domin a watan Sha'aban wasunsu sukan karɓi kuɗin gida uku a Lahadi ɗaya, su raba yaransu, su kuwa su tafi inda aka fi biya. A gaya masa tun da wuri cewa in an kira salla zai kashe, kuma a yanke lokacin tashi. Abin da ya fi waɗannan duka, a zauna da shi a ji irin waƙoƙin da zai sa. Mun tsaya a wani biki inda aka saki wata waƙa mai batsa a daidai lokacin da surukai mata suke shigowa fili, muka ga yadda dattijan mata suka sunkuyar da kai, wasu suka tattara mayafansu suka bar wurin. Yaron da yake kan na'ura bai san su waye suka shigo ba, kuma ba laifinsa ba ne, ba wanda ya gaya masa. A ba shi rabin kuɗi, a rubuta a takarda gaban shaida, sauran sai an tashi.

Daga Ankara zuwa Kumasi tafiyar kimanin kilomita 250 ce, ta Nsawam da Nkawkaw, amma cunkoson motoci yakan mai da ita tafiyar rabin yini. Mun sauka da la'asar, muka nufi Aboabo.

A Kumasi ne muka fi daɗewa, domin a nan ne har yanzu ake iya ganin tsohon tsari da sabo a fili ɗaya. Zangon Kumasi goro ne ya haife shi. Kakanninmu fatake a Salaga suke tsayawa su sayi goron ƙasar Tonawa, sai yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa su zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran garuruwa. Da Turawa suka ci Kumasi, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1903, sai jama'a suka yi ta gangarowa bakin dajin goron kansa. Inda fatake suka sauka kuwa, mahauta da wanzamai da maƙera da malamai sukan biyo baya, makaɗa kuma suna biye da su duka. A ƙasar Hausa kowace sana'a da kiɗanta: maƙera da dundufa, maharba da komo, manoma da gangar noma, mahauta da kalangu. A nan kurmi mafi yawan waɗannan sun ɓace, kalangu ne ya rayu, saboda shi ne ya shiga bikin aure da suna. Har yau in kana neman masu kalangu a Kumasi, mahauta za ka tambaya, su ne za su nuna maka ƙofar gidan.

Shi makaɗin gargajiya ba a ɗaukarsa ta waya, ko da kana da lambarsa. Ana zuwa gidansa ne da goro, a gaishe shi da Baba ko Sarki, a ce an zo da goron bikin 'yarsa, ko da kuwa bai taɓa ganin yarinyar ba. Ba ya fara maganar kuɗi. Tambaya yake farawa da ita: 'yar wane ce, jikar wane ce, kakan nata daga ina ya zo, Kano ko Katsina ko Zazzau ko Gobir ko Barno, mece ce sana'ar gidan, wa ya auri wa. Mun zauna a zauren wani tsoho a Yalwa muna kallo ana yi masa irin wannan bayani, kafin mai bayanin ya kai ƙarshe tsohon ya karɓe, ya lissafo masa 'yan'uwan kakarsa da unguwar da kowace ta yi aure, har da wadda shi mai bikin bai san da ita ba. Mutumin ya fita yana cewa lalle sai an kai wa wancan gida katin gayyata.

Mai karatu, a nan maganar take. Mu mutanen zango ba mu da gonar gado a nan, ba mu da kushewar kakanni bakwai da za mu nuna. Da yawa daga cikin yaranmu ba su taɓa taka Kano ko Sakkwato ba, wasu Hausar ma da Tonanci da Turanci suke haɗa ta. Ranar biki ce kaɗai ranar da wani yake tsayawa a tsakiyar jama'a ya ɗaga murya ya faɗi ko su waye mutanen gidan nan, daga ina suka fito, da abin da aka san su da shi. Amarya tana zaune tana ji, ƙannenta suna ji, dangin miji ma suna ji, su san ba daga sama suka tsince ta ba. Wannan aiki lasifika ba ta yin sa, kome girmanta. Masu yin sa kuwa suna ƙarewa. Dokar korar baƙi ta 1969, a zamanin Busia, ba 'yan kasuwa kaɗai ta kwashe ba, ta raba gidaje da yawa da tsofaffin da suka san asalinsu. Waɗanda suka rage sun tsufa, 'ya'yansu kuma sun gwammace tuƙin mota ko gyaran waya a kan rataya kalangu, saboda har yanzu akwai masu ganin roƙo abin kunya ne, ko da yake ba sa jin kunyar miƙa wuya in ana yi musu kirari.

Maganar kuɗinsu ma ta sauya, kuma ya kamata iyayen biki su fahimci dalili kafin su ce makaɗa sun yi tsada. A da abin da ake ba makaɗi kafin biki kuɗin goro ne kawai, na kama rana. Abincinsa yana cikin liƙi da kari, watau abin da jama'a za su manna masa a goshi ko su miƙa wa maroƙi ya shelanta. Da an tashi sai su koma gefe su ƙirga, shugaba ya ɗauki babban kaso, a raba saura bisa ga girma. Shi ya sa makaɗi yakan auna gida kafin ya amsa: in gidan masu jama'a ne, ko kyauta zai zo. To, a watan Yuli na 2007 aka sauya kuɗin ƙasar nan, aka yanke sifiri huɗu, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sidi 1. Takardun 1,000 da 2,000 da 5,000 waɗanda mata suke cika jaka da su suna liƙi sai suka koma ƙarfe, ƙarfe kuwa ba ya zama a goshi. Wadda a da take liƙa takarda ashirin ta ji ta yi bajinta, sai ta koma liƙa biyu. Daga 2009 kuma aka shigo da aika kuɗi ta waya, yau ga shi gudummawa da yawa ta nan take bi, daga wayar ƙawa zuwa wayar uwar amarya, ba ta ratsa fili balle makaɗi ya gan ta. Saboda haka yanzu su ma sukan yanke kuɗi tun farko, kuma mu ba mu ga laifinsu ba. Abin da ya kamata a fayyace shi ne: liƙin da aka yi wa amarya da uwarta a fili na wa ne, wanda aka yi wa makaɗi na wa ne, kuma wa zai tsince. A sa yarinya amintacciya ɗaya da jaka, makaɗa su ma su sa nasu yaron. Rigimar da ake yi bayan magariba a kan kuɗin da suka zuba ƙasa ta fi kowace rigimar biki muni.

Wani kuskure da maza suke yawan yi shi ne su ɗauka su ne masu biki. Namu na maza ɗaurin aure ne: Lahadi da safe a taru a ƙofar gida ko masallaci, a yi siga, a shafa fatiha, a raba goro da dabino da alewa, kafin rana ta yi zafi kowa ya kama gabansa. Sauran kwanakin duka, daga kamu da sa lalle zuwa wankan amarya da buɗar kai, na mata ne. Su ne suka yi adashi shekara guda, su ne suka fitar da yayi suka ɗinka, su ne za su yi liƙi. A Asawase da Akwatia Line mun tarar cewa uwar amarya da magajiyar ƙungiyarta su ne suke yanke wanda za a kira, kuma mafi yawan ƙungiyoyin mata suna da zabiya ko makaɗin da suka saba da shi, wanda ya san kowace mace da kirarinta. Ango ko wan amarya da ya je ya biya wani daban ba tare da shawara ba, yakan ga an bar masa mutanensa suna kiɗa ga kujeru. A cikin gida kuma har yanzu akwai inda ake kifa ƙwarya a ruwa a yi kiɗan amada irin wanda marigayiya Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta yi suna da shi. Wannan ba ya bukatar izinin kowa, ba ya bukatar janareta, kuma tsofaffin mata sun fi sakin jiki a cikinsa fiye da a kan titi.

Sai dai zabiya da maroƙi wuƙa ce mai baki biyu. Wanda ya san gida ya san kirarinsa, ya kuma san ɓarakarsa. In uwar amarya tana da kishiya, ko akwai tsohuwar gaba tsakanin gidaje biyu, habaici ɗaya ya isa ya ɓata auren da ba a kai ga kai amarya ba tukuna. A gaya musu ƙarara cewa ba a son zambo, ko da wata ta ba su kuɗi a ɓoye don su yi. Haka kuma jerin kiran suna. Gwaggon amarya da ta taso tun daga Bawku ko Lome, in aka kira ƙawayen uwar amarya 'yan kasuwa kafin a kira ta don sun fi ta kuɗi, za ta koma gida da abin a ranta shekara goma. Dabarar da muka gani a wani gida a Sawaba ta burge mu: sun zaunar da wata dattijuwa a kujera kusa da maroƙi, duk wadda ta shigo sai ta raɗa masa ko wace ce da matsayinta, shi kuwa ya ɗauka daga nan. Maroƙan da ba a gayyata ba kuma za su zo, bikin farar kaza ne, balbela ba gayya. A tanadi 'yan canji a sallame su da mutunci, kada a sa yara su kore su.

Akwai gidajen da ba sa son ganga sam, kuma suna ƙaruwa. Wasu walima suke yi a kira malami ko malama a yi wa'azi a kan zaman aure, wasu su kira 'yan makaranta mata su yi waƙe da mandiri, wasu kuma masu bege da zikiri. Hukuncin wannan da wancan mun bar wa malamai. Abin da za mu ce kawai shi ne gidan ango da gidan amarya su daidaita tun kafin a buga kati, domin mun ji labarin inda dangin ango suka iso da makaɗansu aka tare su a bakin lungu. Sa'an nan kada a ɗauka cewa tun da abin na addini ne kyauta ne. Su ma sun bar aikinsu, sun hau mota, yaran makarantar nan kuma suna jin yunwa kamar kowa.

Sabon yayi a Kumasi da Ankara shi ne waƙar amarya daga Kano. Ana aika sunayen ango da amarya da iyaye ta WhatsApp, a tura rabin kuɗi, bayan 'yan kwanaki waƙa ta iso, sipina ya sa ta lokacin da amarya za ta shigo. Tana da daɗi, ba mu musa ba, kuma 'yan mata suna son ta. Amma mai waƙar bai san ku ba, abin da kuka rubuta masa shi zai rera. Sau da yawa yakan gyara mana sunayenmu ba mu roƙe shi ba, Adiza ta koma Hadiza, Memuna ta koma Maimuna, sunan unguwa kuwa ya fito yadda ko mazauna cikinta ba za su gane ba. A aika masa da murya, ba rubutu kaɗai ba, kuma a saurari waƙar kafin a cika kuɗi. Kada kuma a yi mamaki in an ji irin wannan karin a bikin maƙwabta da wasu sunaye, domin karin ɗaya ake sauya wa suna. Masu hali da suke son ɗauko mawaƙin da kansa su yi hattara da dillalai. Kuɗin jirgi da masauki da na yaransa duk a wuyan mai biki suke, kuma an sha tura kuɗi ga wanda ya ce shi ne wakilin mawaƙi, ranar biki wayarsa a kashe. Sai an ga fuskar mawaƙin an yi magana da shi baki da baki kafin a saki ko sisi.

Abu na ƙarshe game da Kumasi: nan ma ƙasar masu ƙasa ce. In babban rashi ya faru a fadar Manhyia akan hana kaɗe-kaɗe na wani lokaci, saboda haka a riƙa sauraron sanarwa.

Hanyar Tamale ta fi tsawo, kimanin kilomita 380, ta Techiman da Kintampo, a haye gadar Buipe da ta Yapei. Tun daga Kintampo daji yake buɗewa, itatuwan kaɗanya da kuka su fara bayyana, mutum ya ji kamar ya doshi ƙasar Hausa. A Tamale matsalar da muka baro a kudu ba ta kai haka tsanani ba, domin Dagombawa ba su saki makaɗansu ba. Lunsi, watau masu lunga, gadon gida suke yi, tun suna yara ake koya musu sunayen sarakuna da zuriyarsu. Lunga ɗan'uwan kalangu ne, Tonawa kuma donno suke ce masa. Tare da shi akwai gungon, babbar ganga mai amo, ga kuma masu goge, wanda su suke kira gonje. Zaman tare na ɗaruruwan shekaru ya sa Hausa ta shiga cikin kiɗansu, har akwai rawar da suke kira Zamanduniya, bikin aure kuma amaliya suke ce masa. Saboda haka Bahaushen Tamale ba ya rasa mai yi masa kiɗa, kuma ko a Nima da Aboabo sau da yawa in ka ji kalangu ka matsa kusa, za ka tarar Dagombawa ne suke riƙe da shi. Sai dai a tuna cewa asalin da suka haddace na Dagombawa ne. In gidan Hausawa ne suka ɗauke su, sai an haɗa su da maroƙin da ya san gidan, ko a zauna da shugabansu tun jajibiri a ba shi sunaye da garuruwan kakanni. Mun ga an yi haka a Sabonjida, kuma ba su yi tuntuɓe da suna ko ɗaya ba.

Ga matasa kuma akwai simpa, kiɗan samari da 'yan mata wanda ya samo asali tun shekarun 1930, sunansa kuma daga Simpa ne, watau garin Winneba na bakin teku. Ƙungiya-ƙungiya suke, kowace da unguwarta, kuma da dare suke wasa, don haka mai ɗaukarsu ya san zai yi da maƙwabta.

Bikin da muka fi jin daɗinsa a tafiyar nan a Tamale aka yi shi, amarya Bahausa, ango Badagombe, kakarsa ta wajen uwa kuma Bazabarma. Irin wannan aure shi ne yawancin aurenmu yanzu, kuma kowane ɓangare yana so a ji nasa. Abin da suka yi shi ne raba lokaci tun mako guda kafin rana, aka rubuta aka ba kowane shugaban makaɗa. Bayan azahar masu kalangu da maroƙi suka buɗe da dangin amarya. Da aka idar da la'asar lunsi suka karɓa, dangin ango suka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa aka buga masa sunansa ya taka. Mai goge ya yi wa tsohuwar nan waƙa biyu da Zabarmanci, ta tashi da sandarta ta yi rawa, jikokinta suna ta guɗa. Sipina bai kunna akwatinsa ba sai da manya suka tashi, ya yi wa 'yan mata awa ɗaya. An ware wa makaɗa tukunyar wake da shinkafa tasu daban da wanda zai kula da su, motar da za ta mai da su gida kuma tana tsaye tun kafin a kira magariba. Da aka yi sallar isha'i sai aka shiga shirin kai amarya.